Yadda Ake Saita Half-Life 2 a Ƙaramar Kwamfuta, a Buga Shi Har a Gane Labarinsa

Half-Life 2 gem ne na harbi wanda ake kallon duniya da idon jarumin, ba ka ganin komai nasa sai makamin da ke hannunsa. Kamfanin Valve na Amurka ne ya fitar da shi a watan Nuwamba na 2004, kuma har yanzu yana cikin waɗanda suka fi dacewa da mai laftof na hannu, domin ba ya neman inji mai ƙarfi. Abu biyu ne ke ɓata wa sabon ɗan wasa: ya rage ingancin hoto ta inda bai kamata ba, sannan ya yi ta gudu yana harbi har ya kai ƙarshe bai san wa yake yaƙa ba. A wannan gem ba a tsayar da wasa a nuna maka fim ɗin labari. Labarin yana kan fuskokin mutane, yana jikin bango, yana cikin abin da ake faɗa ta lasifika. Saitin hotonka da irin tafiyarka su ne za su sa ka gan shi ko ya wuce ka.

Kafin a sauke

A Steam ake sayensa, manhajar Valve ta sayar da gem a kwamfuta. Tun 1 ga Janairu, 2024 Steam ta daina aiki da Windows 7 da 8, saboda haka sai Windows 10 ko sama. Abin da Valve ta rubuta a matsayin mafi ƙanƙantar buƙata shi ne firosesa mai gudun 1.7 GHz da RAM 512 MB, wato duk laftof ɗin da ke iya ɗaukar Windows 10 ya wuce nan. A Nuwamba 2024, da gem ɗin ya cika shekara 20, an haɗe Episode One da Episode Two, ci gaban labarin, da ƙarin mataki mai suna Lost Coast a cikinsa, don haka ya ƙara nauyi. Ka bar masa sarari kamar gig 20.

Idan data ce matsala, ga dabara. Ka saya a asusunka tukuna. Sannan ka kwafo fulda mai suna Half-Life 2 daga kwamfutar wanda ya riga ya sauke, tana cikin steamapps, cikin common, ka ajiye ta a wuri irin wannan a taka. Idan ka danna Install, Steam za ta gano fayilolin da ke nan, ta sauke abin da ya rage kawai. Ka buɗe gem ɗin sau ɗaya da intanet, daga nan ka zaɓi Go Offline, ba ka ƙara buƙatar data.

Saitin hoto: me za a rage, me za a bari

Fara da kunna ma'auni, domin gyara ba awo kame-kame ne. Shiga Options, Keyboard, Advanced, ka kunna developer console. Danna maɓallin ~ da ke ƙarƙashin Esc, ka rubuta cl_showfps 1. Lamba za ta fito a kusurwar allo tana nuna hotuna nawa ake zanawa a daƙiƙa. 60 ake nema. Idan tana faɗuwa ƙasa da 40 lokacin faɗa, za ka ji hannunka da allo ba sa tafiya tare.

A Video, ka zaɓi ainihin girman allonka. Yawancin laftof na hannu 1366x768 ne ko 1920x1080. Duk wani girma da ba nasa ba yana sa hoto ya yi hazo, saboda haka rage shi zuwa 1280x720 shi ne mataki na ƙarshe, bayan an gwada sauran.

Sai Advanced. A nan ake yin kuskuren da ya fi yawa, wato mayar da komai Low gaba ɗaya. Ka riƙa ragewa ɗaya bayan ɗaya bisa wannan tsari, kana duba lambar bayan kowane canji. Na farko Antialiasing, mai gyara kaifin gefen abubuwa: shi ya fi cin ƙarfin kwamfutar da ba ta da katin hoto na daban, ka kashe shi ko ka bar shi a 2x. Na biyu Water detail. Idan yana Reflect all, injin yana zana duniyar sau biyu, ɗaya a sama ɗaya a cikin ruwa, kuma babi na 3 da na 4 kusan duk a magudanan ruwa ake yin su. Mayar da shi Reflect world, in bai isa ba Simple reflections. Na uku Shadow detail. Na huɗu High Dynamic Range, wanda ke sa ido ya ɗan dushe idan ka fito daga rami zuwa rana. Yana da kyau a babin bakin teku, amma ana iya rayuwa ba shi.

Biyu ne ba a taɓawa sai dole: Model detail da Texture detail. Valve ta zuba aiki mai yawa a motsin fuska, gira da leɓe da ƙwayar ido, kuma da su ake gane wanda ke jin tsoro da wanda ke ɓoye wani abu. Haka kuma allunan sanarwa da yankakkun jaridun da ke bango ba sa karantuwa idan Texture yana Low. Filtering kuwa ka sa shi Anisotropic 4x ko 8x, kusan ba ya cin komai, kuma shi ke hana titi ya zama laka daga nesa.

Field of view, wato faɗin abin da ido ke ɗauka, asalinsa 75 ne. Ka ɗaga shi zuwa 90. Mutane da yawa suna jin jiri da tashin zuciya a babin kwale-kwale, kuma ƙuncin gani ne babban dalili. Ka kashe Motion blur saboda wannan dalilin. Vertical sync yana hana hoto tsagewa amma yana sa linzami nauyi, gara ka kashe shi ka rubuta fps_max 60 a console. Wannan yana rage zafin laftof ma, domin ba za ta yi ta zana hotunan da allon ba zai iya nunawa ba.

Haske kada ya yi yawa. Masu zanen suna jan idonka da fitila: ƙofar da ake so ka bi galibi ita ce mai haske a cikin duhu. Idan ka ɗaga haske har ko'ina ya yi fari, ka goge alamar hanya da hannunka.

Sauti, rubutu da linzami

A Audio, ka sa Captioning a Closed captions. Zai rubuta maganar mutane har da ƙarar abubuwa, ya taimaka wa wanda Turancin Amurka ke yi wa sauri. Wanda ya fi jin Faransanci, kamar 'yan'uwa na Nijar da Kamaru da Chadi, zai iya canza harshe a Properties na gem ɗin a Steam, akwai muryoyin Faransanci cikakku. Ka sa abin ji na kunne. Kowane maƙiyi yana da kukansa, kuma sau da yawa kunne ke riga ido.

Kada ka gwada bugawa da faifan taɓawa na laftof, ka sayi linzami ko mai araha ne. A saitin Windows ka cire alamar Enhance pointer precision, domin tana sa nisan juyawa ya bambanta da saurin hannu, saiti ba zai taɓa zama a hannunka ba. Maɓallan da za ka haddace: E na ɗauka da buɗewa, F tocila, Shift gudu, Ctrl durƙuso, R ɗura harsashi, Q komawa makamin baya, G bindigar jan kaya (makamin da ke jawo abubuwa ya harba su), Z hangen nesa, F6 ajiye wasa, F9 komawa inda ka ajiye. A matakin wahalar wasa, ka fara da Normal.

Abin da ya kamata ka sani na labari

Kai ne Gordon Freeman, masanin kimiyya da ya yi aiki a cibiyar bincike ta Black Mesa a jihar New Mexico. A gem na farko, na 1998, wani gwaji ya ɓaci ya buɗe ƙofa zuwa wata duniya. Wani mutum mai kwat da jaka, wanda ake kira G-Man, ya ɗauke Gordon ya ajiye shi a wajen lokaci. Bayan kusan shekara 20 ya farkar da shi a cikin jirgin ƙasa mai shiga City 17, wani birni mai kamannin Gabashin Turai. A tsakanin nan wata daula daga wajen duniya, Combine, ta ci duniya da yaƙi cikin awa 7. Dokta Wallace Breen, tsohon shugaban Black Mesa, shi ya miƙa wuya a madadin 'yan Adam, aka naɗa shi mai kula da su.

Gordon ba ya magana ko sau ɗaya, kuma ba wanda zai zaunar da kai ya karanta maka wannan tarihi. Ga yadda ake tsinto shi. A tashar jirgi ka tsaya ka saurari jawabin Breen a babban allo har ya ƙare, ka matsa kusa da mutanen da ke zaune ka danna E. A hanya za ka wuce filin wasan yara babu yaro ko ɗaya: Combine sun kafa wani shinge da ya hana haihuwa. A ɗakin binciken Eli Vance, masanin kimiyya kuma jagoran 'yan tawayen da ke yaƙar Combine, babi na 5, akwai allo da aka manna yankakkun jaridu, ka tsaya a gabansa Eli zai yi maka bayanin yaƙin. Ka lura da fuskar Dokta Judith Mossman, abokiyar aikin Eli, duk lokacin da take magana da Alyx, 'yar Eli. A bakin teku za ka ga jiragen ruwa a kan busasshiyar ƙasa da gadojin tashar ruwa a sama can, alamar ana janye ruwan duniya. Ƙa'idar ita ce duk inda ba a harbinka, ka daina gudu.

Jini, sulke da harsashi

Jininka 100 ne, cajin rigar sulke ma 100. Babban akwatin magani yana ba da 25, ƙaramar kwalba 10, batir 15 na sulke. Gudu da tocila da numfashi a ƙarƙashin ruwa duk daga ma'aji ɗaya suke sha, saboda haka idan ka ƙarar da shi da gudu sannan ka nutse, za ka shaƙe da wuri. Kashe tocila kafin ka shiga ruwa.

Wasu akwatunan katako masu alamar kaya suna duba abin da ka rasa kafin su ba ka. Idan jininka ya cika kuma harsashi ya cika, ka bar akwatin sai bayan faɗa. Duk inda ka ga harafin λ da fenti a bango, 'yan tawaye sun ɓoye kaya kusa, akwai irin waɗannan wurare 45.

Ƙaramar bindiga tana ɗaukar harsashi 18, tana da saiti daga nesa fiye da mai sarrafa kanta mai 45, wadda ke watsa harsashi idan an wuce 'yan taku. Magnum harsashi 6 take ci, 12 kawai kake iya riƙewa a ajiye, amma harbi ɗaya a kai yana kayar da soja, domin harbin kai yana ninka lahani sau 3. Kada ka ɓata ta a kan ƙananan halittu. Bindigar tabarwatsa ta kusa ce, dannawar dama tana sakin harsashi biyu lokaci guda. Bakan da ke harba jan rodi na masu tsaye a nesa ne, kuma rodin yana ɗaukar lokaci yana ɗan sunkuyawa, sai ka ɗaga saiti kaɗan.

Magudanai da kwale-kwale

A Route Kanal, babi na 3, za ka ga dogon harshe yana lilo daga rufi. Kada ka taɓa shi, halittar da ke sama za ta ja ka. Tura mata jar ganga, idan ta ja ta kusa da bakinta ka harba gangar, duk na kusa su mutu tare. Idan hanya ta toshe, amsar kusan kullum nauyi ce: katakon da ke lilo a kan bututu ana tara bulo a gefe ɗaya har ɗayan ya ɗaga, gangaren da ya nutse kuma ana cusa shuɗayen gangunan roba a ƙarƙashinsa su taso da shi. Jirgi mai saukar ungulu da ke bin ka a Water Hazard, babi na 4, ba ya kashuwa sai an ɗaura wa kwale-kwalenka bindiga a kusa da ƙarshen babin. Kafin nan aikinka gudu da fakewa. Kafin ya buɗe wuta akwai ƙarar caji, ita ce alamar ka shiga ƙarƙashin gada.

Ravenholm

A wannan garin da zombi suka mamaye ne gem ɗin ke gwada ko ka koyi bindigar jan kaya, Gravity Gun, wadda Alyx ta ba ka. Dannawar dama tana jawo abu ta riƙe, ta hagu tana harba shi. Harsashi ya yi ƙaranci a garin da gangan, amma an cika shi da faifan zarto, tulun gas, bulo da jajayen ganguna. Faifan zarto shi ne sarki: ka ja da baya har zombi su jeru a lungu, ka sake shi a daidai ƙugu, zai yanke biyu ko uku, ka je ka ciro shi daga bango ka sake amfani da shi. Ka duba ƙasa bayan haka, wani rabin jikin yana ci gaba da rarrafe.

Zombi na yau da kullum a kai ake harbinsa, domin idan ka kashe jikin kaɗai, halittar da ke maƙale a kansa takan sauko da rai. Masu gudu suna hawa ta bututun ruwan sama, za ka ji bututun yana kaɗawa kafin su iso. Ka tsaya nesa da bakin rufin da tabarwatsa, wadda Fada Grigori, mutum ɗaya da ya rage a garin, zai jefo maka, ka bari su yi tsalle tukuna. Mafi haɗari ita ce baƙar halitta mai dafi. Cizonta yana mayar da jininka 1 nan take, sulken ya riƙa dawo da shi sannu a hankali. Ita kaɗai ba ta kashewa, amma duk abin da ya taɓa ka a wannan lokacin ya gama da kai. Idan ka ji kukanta, ita za ka fara kashewa. Idan ta cije ka, ka gudu ka ɓuya, kada ka ɓata magani. Kumburarren zombin da ke goye da su yana da jinin da ya fi na talakan zombi sau uku da rabi, wuta ko ganga ce maganinsa. Tarkunan Grigori, fanka mai wuƙa da motar da ke faɗowa da bututun gas, duk suna kashe ka kai ma. Ka durƙusa idan za ka wuce ƙarƙashin fankar.

Bakin teku da kurkuku

Motar da ake ba ka a babin Highway 17 idan ta kife, ka harbe ta da bindigar jan kaya ta miƙe. A bayanta akwai akwatin harsashi da ba ya ƙarewa. Ƙwallayen ƙarfe masu manne wa mota ka fizge su ka jefa teku. Kai kuwa kada ka yi iyo a tekun, akwai matsattsaku masu cinye mutum. Ka tsaya a kowane gida da ke gefen hanya, a nan kaya da guntayen labari suke.

Jirgin yaƙin Combine yana harbo roka a sama idan ta taho masa kai tsaye. Rokarka tana bin jan ɗigon haske, don haka ka harba gefe, ka juya ɗigon kana zagaye, sannan ka dawo da shi kan jirgin daga baya ko daga gefe. Roka 3 kake ɗauka, jirgin kuma yana buƙatar 3 a Easy, 5 a Normal, 7 a Hard, shi ya sa kullum akwai akwatin roka a kusa. Ka nemo shi kafin ka fara harbi.

A babin Sandtraps taka yashi yana fito da manyan ƙwari. Ka bi kan duwatsu, inda babu kuma ka shimfiɗa katako biyu da bindigar jan kaya, ka taka ɗaya ka ɗauko na baya ka sa a gaba. Bayan ka kashe babbansu za a ba ka wani ƙullutu mai wari da ke mayar da su sojojinka: jefa shi kan maƙiyi su far masa, matsa shi su dawo gare ka.

Wurin da ya fi tsayar da mutane shi ne tsaron da ake yi a kurkukun Nova Prospekt da bindigogi masu ƙafa uku da Alyx ta juya. Gabansu kaɗai suke gani, kuma da an ture su sun daina aiki. Kada ka baza su a fili. Ka sa bayansu a kusurwa ko a bakin ƙaramin ɗaki inda ba mai zagayo su, ka tsaya kusa, aikinka shi ne tayar da wadda ta faɗi da mayar da gurnetin da aka jefo. Ka ajiye wasa kafin ka kafa ta ƙarshe.

Yaƙin birni da hasumiya

'Yan tawaye har 4 za su bi ka, C ke tura su wuri. Suna tare ƙofa a lungu, saboda haka ka tura su gaba kafin ka shiga ɗaki mai ƙunci, ka kuma kare mai alamar magani a hannu. Nakiyoyi masu tsalle ka ciro su da bindigar jan kaya ka ajiye, za su koma naka. Maharbin ɓoye mai shuɗin haske gurneti ɗaya ta tagarsa ya ishe shi. Dogon injin yaƙin Combine mai ƙafa uku yana cin roka 7 a Normal, kuma kada ka tsaya ƙarƙashinsa, yana soke mutum da ƙafa. A cikin hasumiyar Citadel za a ƙwace duk makamanka, bindigar jan kaya ta koma shuɗiya, ta fara ɗaukar sojoji da kansu, cajin sulke kuma ya kai 200.

Idan wani abu ya ɓaci

Bango mai ɗigon baƙi da shunayya, ko jan rubutun ERROR a tsaye, alama ce fayil ya ɓace ko ya lalace, abin da kan faru idan wuta ta ɗauke ana cikin saukewa. A Properties ka shiga Installed Files ka danna Verify integrity of game files. Idan allo ya yi baƙi bayan ka canza girma, ka rubuta -windowed -w 1280 -h 720 a Launch Options da ke cikin Properties, ka shiga ka gyara, sannan ka goge rubutun.

Gem ɗin da ya fara lafiya ya koma jan ƙafa bayan minti 20, zafi ne. Ka ɗaga bayan laftof ɗin daga tebur, kada ka ɗora shi kan katifa, a kuma buɗe a share fankar idan ƙurar hunturu ta toshe ta. Idan saurin ya faɗi daidai lokacin da aka ɗauke wuta, Windows ce ta rage ƙarfi don tanadin batir, ka mayar da Power mode zuwa Best performance. Laftof mai katin hoto biyu kuma wani lokaci yana buɗe gem ɗin da ƙaramin, sai ka shiga Display, Graphics a saitin Windows, ka zaɓa wa hl2.exe High performance.

F6 yana da tarko: yana iya ajiye ka da jini 5 a tsakiyar wuta, ka yi ta mutuwa a wuri ɗaya. A farkon kowane babi ka yi ajiya ta daban daga menu. Wasan kan ɗauki awa 12 zuwa 15, kuma Episode One na 2006 yana ɗorawa daga daidai inda ya tsaya, sai Episode Two na 2007, inda aka raba wa tocila ma'ajinta daban da na gudu.